Kujerar Masu Kuka

Tun da aka sa ranar aurenta da Kafinta, Lauya ba ta taɓa shiga falon mahaifiyarsa gabanta yana faɗuwa ba sai yau. Mama ba ta saba kiranta da kanta ba, sai dai ta ba ɗanta saƙo. Amma da hantsin nan muryarta ce a waya: "In kin tashi daga aiki ki biyo ta gida, magana ce ta 'yan uwa."

"Zauna mana 'yar nan, kin tsaya kamar wadda ta zo karɓar haya," in ji Mama.

Ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta gaida Yaya, wan Kafinta, wanda ya zauna ya haɗe rai yana kaɗa makullin mota. Shi kuwa gogan naku yana jingine da ƙofa, garin katako a girarsa, yana mata irin murmushin nan da ya san yana hana ta tsare gida. Ta harare shi a fakaice, harara mai kama da sannu da aiki.

Mama ba ta yi kwana-kwana ba.

"Yayanku da matarsa zama ya ƙare. Mun yi sulhun har bakinmu ya gaji. Yanzu ta kai ƙara kotu, rabuwa take nema, kuma ta ce yaran nan biyu a hannunta za su zauna. Shi ya ce bai yarda ba. To na ce masa kada ya je ko'ina, Allah Ya riga Ya ba mu lauya a gida."

Ta yi ajiyar zuciya, ta shafa gefen kujerar da take kai.

"Ni ba ƙin yarinyar nan nake ba. Da na kwanta ciwon ƙafa ita ta yi jinyata, ko 'yar cikina sai haka. Amma zurfin ciki ya yi mata yawa. In ranta ya ɓaci ba za ta buɗe baki ba, sai ta sauke hannu ta dinga zare zaren kujera tana kitse shi. Dubi nan, kamar kan 'yar tsana. Auta, sau nawa ka gyara min?"

"Na daina ƙirgawa, Mama," in ji Kafinta.

Yaya ya buga makullin a kan tebur. "Zurfin cikin nan shi ne makircin. Wallahi ta daɗe tana shirya min wannan. In na samu shaidar tun bara take bin ofisoshin lauyoyi, tana zuba min abinci tana min dariya, alƙali zai san irin uwar da ake so a bar wa yara."

Lauya ta kau da kai daga kallonsa.

Abin da babu wanda ya sani a falon nan shi ne, bara da damina, lokacin da Kafinta bai ma kai ta gidansu ba, wata mata ta turo ƙofar ofishinta. A aikin lauya akwai abin da ake koya wa ɗan koyo tun bai san hanyar kotu ba: kafin ka bari mutum ya faɗa maka komai, ka fara tambayarsa da wa yake rigima. In ka ji sunan naka ne, sai ka ce dakata, ka nuna masa wata ƙofar. Lauya ta san wannan kamar yunwar cikinta. Amma matar tana zama ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana tarawa, kuma wa zai tsayar da mai irin wannan kukan ya ce faɗa min sunan mijinki tukuna? Ta miƙa mata ruwa, ta bar ta ta yi magana. Matar ta sauke hannu gefen kujera, ta zazzage cikinta kaf.

Abin da ta faɗa, ni ma ba zan faɗa muku ba. Ya ishe ku ku san ba abin kunya ba ne, abin tausayi ne, amma in ya faɗa hannun lauyan miji zai iya murɗa shi har ya raba uwa da 'ya'yanta.

Sai a ƙarshe Lauya ta tambayi sunan mijin da sana'arsa. Tana ji ta ajiye biro. Ta gaya wa matar gaskiya, cewa ƙanin mijinta ne yake neman aurenta, don haka ba za ta iya tsaya mata ba. Matar ta miƙe, ta ce ta kashe kanta da kanta. Lauya ta riƙe hannunta ta ce, "Ba zan tsaya miki ba, ba kuma zan taɓa tsayawa a kanki ba. Abin da kika faɗa a ɗakin nan, har zuwan da kika yi, a nan za su mutu."

To ga ranar ta zo.

"Mama," ta ce, muryarta can ƙasa, "ki gafarce ni. Ba zan iya karɓar shari'ar nan ba."

Makullin Yaya ya daina kaɗawa.

"Ban ji ba," in ji Mama.

"Ba zan iya ba, Mama. Zan haɗa Yaya da lauyoyin da suka fi ni iya aiki, da ƙafata zan kai shi. Amma ni kam ba zan tsaya ba."

"Saboda me?"

Da ta so, ƙarya tana nan kusa. Ta ce aiki ya yi mata yawa, ko ta ce ba ta ƙware a shari'ar aure ba, alhali kowa ya san da ita ta yi suna. Amma matar da za ta kira uwa har ƙarshen rayuwarta ce a gabanta, ba ta so ta fara zama da ita a kan ƙarya.

"Ba zan iya faɗin dalili ba."

Yaya ya yi wata dariya marar daɗi. "Kin ji ko, Mama? Tun ba a shigo ba an fara nuna mana mu ba kowa ba ne."

Mama ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"'Yar nan, na ɗauke ki 'ya tun ranar da Auta ya kawo ki. Yau rana ta farko da gidan nan ya nemi abu a wurinki, kin ce a'a, kin kuma ce ba mu isa mu ji dalili ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ki je ki yi tunani. Ranar da aka sa kuma a jingine ta tukuna, don ba zan kawo wadda za ta ga gidanmu yana ci da wuta ta riƙe bokitinta ba."

"Haba Mama!" in ji Kafinta.

"Kai kuma rufe min baki, ka raka ta."

Sun yi tafiya mai ɗan nisa a bakin titi. Sai da suka kai gindin bishiyar da take tsayawa jiran mota ya sha gabanta.

"Ranki ya daɗe," ya ce, sunan da yake tsokanarta da shi, amma yau babu wasa a ciki, "su ba za su ji ba, na yarda. Ni fa?"

"Har kai."

"Har ni?" Ya dafe ƙirji. "Ni da na gaya miki har kukan da na yi ranar da injin ya cinye min katakon mutane? Ni da kika san kalar tsoron da nake wa allura?"

Ta so ta yi dariya, sai hawaye ya riga dariyar fitowa.

"Don Allah kada ka sa ni kuka a titi."

"Ke kika sa ni, ni ina yi a ciki. Kalma ɗaya kawai ki ba ni in je in tare Mama da ita. Kin san ta, in ta kafe sai Allah. Wani abu Yaya ya yi miki? Wani ne ya tsorata ki?"

"Babu wanda ya yi min komai."

"To mene ne? Mutanen da za su kwana ɗaki ɗaya har tsufa, a ce akwai ƙofar da aka kulle wa ɗaya?"

Ta share fuska da gefen mayafi ta dube shi sosai.

"Akwai, kuma za a yi ta samu. Ranar da ka ce kana sona na gaya maka aikina na riƙon maganar mutane ne. Ka ce ai shi ya sa ka zaɓe ni, wai ka gaji da masu baki kamar rariya. In na buɗe maka yau don ina tsoron rasa ka, gobe wacce za ka aura? Ba ni ba ce, wata ce mai kama da ni."

Idanunsa suka kaɗa.

"Ina sonka," ta ce, karo na farko da ta faɗa ba tare da ya roƙa ba. "Wallahi in aka fasa auren nan ban san inda zan sa kaina ba. Amma ba zan saye shi da abin da ba nawa ba."

Mota ta tsaya. Ya buɗe mata ƙofa kamar kullum, ya biya direba kamar kullum, sai dai bai ce ta kira shi in ta isa ba. Wannan ɗan abin ne ya sa ta kuka har gida.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mata daɗi ba. Mahaifiyarta ta tambaya har ta gaji ta koma addu'a. Tela ya kira yana tambayar ko a ci gaba da ɗinki, ta ce a dakata. Shi kuwa Kafinta saƙonsa bai wuce "Kin ci abinci?" ba, ita ma amsarta ba ta wuce "Na ci" ba, kuma dukansu biyu ƙarya suke.

Ana cikin haka Na Sama ya sauko.

Lauya ne shi ma, ofishinsa yana bene na sama da nata, shi ya sa duk ginin ake ce masa haka. Turarensa yakan riga shi shiga ɗaki, ya kuma daɗe bai fita ba bayan ya tafi. Ya nemi aurenta kafin Kafinta, ta ce masa ya yi haƙuri, har yau kuma bai gane yadda aka yi mai zarto ya kayar da mai kwat ba.

"Abokiyar aiki, albishirinki," ya ce, ya zauna a gefen teburinta ba a ba shi izini ba. "Surukinki ya kawo min shari'arsa."

"Allah Ya ba da sa'a."

"Ya ce kin ƙi, kin kuma ƙi faɗin dalili." Ya yi murmushi. "Su ba su gane ba, amma ni da ke mun sha nono ɗaya a aikin nan. Lauya ba ya ƙin shari'a ya kuma haɗiye dalili sai in kunnensa ya riga ya ji wani abu."

"Zato kake, kuma zato ba shaida ba ne."

"Shi ya sa na sauko. Ba na son ki faɗi komai. Ki gyaɗa kai kawai, ta zo ko ba ta zo ba, sauran ni na san inda zan tona. Yaya ya samu yaransa, Mama ta huce, a mayar da ranarki. Wa ya yi asara?" Ya gyara wuyan riga. "In kuma kin fi son a fasa, to ni ma ban yi asara ba. Kin san har yanzu ban cire rai ba."

Faɗin gaskiya, na ɗan lokaci kaɗan ta hango kanta cikin kayan amarya, kuma gyaɗa kai ba ya ciwo. Sai ta tuna hannun matar nan a cikin nata.

"Barista," ta ce, "ka san abin da ake yi wa lauyan da ya nemi abokin aikinsa ya ci amanar wanda ya kawo masa kukansa. Zan yi kamar ban ji ba, albarkacin maƙwabtaka. Ka ja min ƙofar, turarenka yana sa ni atishawa."

Ya fita yana dariyar yaƙe. Ita kuwa ta kifa kai a kan tebur.

Cikin wannan halin Kafinta ya same ta washegari da rana, jakar kayan aikinsa a kafaɗa.

"Ba wurinki na zo ba," ya ce tun daga ƙofa. "Wurin kujerata na zo. Kin taɓa cewa ƙafarta tana rawa."

Wata shida ke nan da ta faɗa, amma ba ta tuna masa ba. Ta ga ya rame, ya ga ta rame, kowa ya kau da kai.

Kujerar tana gaban teburinta, gefe ɗaya jikin bango. Ita ce kyautarsa ta farko gare ta. Wasu samarin turare suke kawowa, shi ya shigo ya ga tana zaunar da mutane a kan kujerar roba, ya ce bai kamata mai kuka ya zauna a kan abin da zai iya kayar da shi ba. Ya yi ta da faɗi, da hannuwa masu laushi, ya lulluɓe ta da yadi mai kauri, ya sa mata suna kujerar masu kuka. Lauya ba ta taɓa zama a kai ba, wurinta yana ɗaya ɓangaren tebur.

Ya janyo ta daga jikin bango, ya durƙusa, ya girgiza ƙafar. Yana ƙunƙuni a kan mutanen da ba su san darajar katako ba, ya kai hannu ya shafa gefen da ke jikin bango. Sai ƙunƙunin ya tsaya.

Ta ɗago ta ga ya ƙura wa wurin ido. Ta zagayo ta leƙa.

A ƙasan hannun kujerar, inda ba a gani daga teburinta, an zare zaren yadin an kitse shi ƙanana-ƙanana, a jere, kamar kan 'yar tsana.

Ta dafa tebur. Ita ta rufe bakinta har tana shirin rasa miji, ashe kujera tana nan tana ba da labari.

Ya daɗe a durƙushe yana shafa kitson da babban yatsa. Da ya ɗago, idanunsa sun cika taf.

"Kada ki ce komai," ya ce.

"Ban ce ba."

"Ban tambaye ki ba, ba ki kuma faɗa min ba. Yadi ne ya tsufa, yadi kuwa yana tsufa." Ya dube ta. "Ranki ya daɗe, wannan kika ɗauka ke kaɗai, ni ina can ina fushi ina auna katako ba daidai ba? Na lalata ƙofar mutane guda saboda ke."

Dariya da kuka suka haɗe mata.

"Yayanka ne," ta ce. "Ba na so ka tsaya tsakanina da jininka."

"Yayana ne, ina kuma sonsa. Yaran nan ma nawa ne, ni na yi musu gadon da suke kwana. Alƙali ya raba su da gaskiyar da kowa ya kawo da hannunsa, ba da wadda aka sato a ɗakin da mace ta yi kuka ba." Ya share ido da bayan hannu. "Ki yafe min. Na ce kin kulle min ƙofa, ashe irin ƙofar da zan so a kulle ce in ni ne a ciki."

"Na yafe. Amma Mama fa?"

"Zan gaya mata ko ke ko babu. Dalili kuwa, ni ma yanzu ba ni da shi." Ya buɗe jaka yana neman reza. "Bari in yanke wannan kafin wani ya..."

"Salamu alaikum."

Muryar Mama ce, tana haki saboda matakala.

Kafinta ya miƙe zumbur ya tura kujerar baya da gwiwa, amma ba ta kai bango ba. Mama ta shigo tana dafe da ƙugu, ta dube shi ta dubi Lauya.

"Au, nan ka tare? Shi ya sa aka ce ba ka shago. Yayanka yana ƙasa yana neman wurin ajiye mota, wurin lauyansa muka zo. Na ce bari in fara biyawa in ji ko 'yar nan ta sauko. Matsa in zauna, ƙafata za ta kashe ni."

"Mama, wannan ta lalace, ƙafarta rawa take. Ga wata can."

"Ta roba? Ka ga na yi kama da mai son karaya? Matsa min."

Babu yadda ya iya. Ta zauna, ta saki nauyinta, ta sauke hannu gefen kujera kamar yadda gajiyayye yake yi.

"To 'yar nan, na ba ki kwanaki. Ni ba na son abin da zai raba ki da Auta, kin ga yadda ya koma kamar sandar rake. Ki taimake ni ki..."

Maganar ta tsaya. Yatsunta ne suka ci karo da wani abu. Lauya tana kallo suka bi kitson ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jan carbi. Mama ba ta leƙa ba, ba ta buƙatar leƙawa. Shekara nawa tana jin irinsa a ƙarƙashin hannunta.

Lauya ta san shi ke nan. Kalma ɗaya daga bakin Mama zuwa kunnen Yaya, daga nan zuwa bene na sama, an gama da matar da ta yarda da ita.

"Auta," in ji Mama, ba ta dube shi ba, "me ka ce sunan kujerar nan?"

"Kujerar masu kuka, Mama."

"Masu kuka." Ta jinjina kai. "Duk wanda ya zauna a nan kuka yake yi, 'yar nan?"

"Yawanci, Mama."

"Sosai?"

Lauya ta sunkuyar da kai, don ko wannan amsar ba tata ba ce. Mama ta daɗe tana kallonta.

"In ni ce na zauna a nan na faɗa miki abin da ke cikina, 'ya'yana za su ji?"

"Ba za su ji ba."

"Ko Auta?"

"Ko shi."

"Ko za a fasa aurenki a kai?"

Hawaye ya zubo mata. "Ko za a fasa, Mama."

Aka ji takun Yaya a matakala, da ƙarar makullinsa. Kafinta ya dubi ƙofa ya dubi mahaifiyarsa. Lauya ta rufe ido.

Da ta buɗe, Mama ta warware gefen mayafinta ta yafa shi a kan hannun kujerar, ya sauka har ƙasa, ta ɗora hannu a kai.

"Ya ake ciki?" in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Ta sauko, ko har yanzu mu ba kowa ba ne?"

"Ba za ta yi ba," in ji Mama, "ni kuma na hana a sake tambayarta. Daga kai har mai turaren naka."

"Mama, ke da kanki kika ce..."

"Ni na ce, ni na kuma janye. Bakinka ne ko nawa? Ka hau wurin lauyanka ka kai gaskiyarka, in kana da ita ta ishe ka. Uwar 'ya'yanka ce, ba kura ba. Wuce, ina tafe."

Ya juya ya hau sama yana huci. Sai da takunsa ya ɓace Mama ta janye mayafinta. Ta miƙa wa Lauya hannu ta tashe ta, kuma bayan ta miƙe ba ta saki hannun ba.

"Kai kuma," ta ce wa Kafinta, "ka ɗauke kujerar nan yanzu-yanzu ka sake mata yadi. Abin kunya, a ce mijinta kafinta ne kujerarta tana zubar da zare. Ka gama kafin ranar, kada baƙi su zo su gani."

"Wace ranar, Mama?" ya tambaya, don yana so ya ji da kunnensa.

"Rana nawa aka sa maka, sakarai?"

Ya ɗaga kujerar ya ɗora a ka kamar ba ta da nauyi, yana dariya hawaye yana bin gemunsa. Lauya ta durƙusa za ta yi godiya, Mama ta ɗago ta.

"Bar shi. Ni ce da godiya, na zo neman lauya na samu 'ya."

Ta taka a hankali har bakin ƙofa. A nan ta tsaya, ta bari ɗanta ya yi gaba da kujerar, sannan ta juyo ta rage murya.

"In ya dawo da ita ki kira ni, 'yar nan. Ni kaɗai zan zo. Tun kafin a haifi mijin naki nake neman inda zan zauna."